Amawalin Ɗan Tasha

Na fara aikin gwamnati a shekarun da kuɗin mai ya fara zubowa, lokacin da kowa a Wudil yake ganin gobe tasa ce. Manyan motoci ba sa yankewa a kan gada, wannan da siminti, waccan da rodi, wata da kwanon rufi. Malaman makaranta sun jingine kekuna sun hau babura. Mai shayin tasha ya sayi rediyo mai cin kaset, yana ƙure ta har a jiyo daga bakin kogi. Ni ma ba a bar ni a baya ba. Ina gama makaranta aka ɗauke ni ƙaramin akawu a wani ɗan ofishi mai ɗaki biyu da ke kula da jin daɗin jama'a, aka ba ni teburi da keken rubutu, ban yi wata shida ba na sayi jan babur. Na tara suma, na ɗinka wando mai faɗin ƙafa, ga ni da baki, ga zuciya a kusa. In na tuna kaina a lokacin dariya nake yi, amma wallahi na ji daɗin shekarun nan.

Mu uku ne a ofishin. Akwai shugabanmu, wanda muke ce wa Yallaɓai, dattijo mai tsabta, ba ya makara, ba ya karɓar ko goro a hannun mai neman taimako. Aibinsa ɗaya ne: in ya yanke wa mutum hukunci a ransa, to sai dai Allah. Akwai masinja, wani tsoho mai surutu, wanda ya san asalin kowa a garin har kakannin kakanni, kuma ba ya jira a tambaye shi. Sai ni. Aikinmu shi ne rigimar riƙon yara, da guragu masu neman keke, da yaran da suka ɓata ranar kasuwa, da irin waɗannan.

A tasha kuwa, ta wajen gada, akwai wasu samari da farin shekarun nan ya koro daga can arewa. Dabbobinsu sun mutu, iyayen wasu sun mutu, na wasu sun watse. A rumfunan tasha suke kwana, su yi dako, su wanke motoci a kogi, ranar Juma'a su riƙe wa fatake igiyar shanu a kara. Mu duk Buzaye muke ce musu, ko da yake daga baya na ji cewa a wurinsu sunan ba na kowa da kowa ba ne. In aka rasa akuya a unguwa, su ne. In buhu ya yi ƙafa a tasha, su ne. Ban taɓa ganin an kama ko ɗayansu da kayan wani ba, amma wannan bai hana kowa faɗa ba.

Sukan zo ofishinmu jefi-jefi, wani da gyambo yana neman takardar zuwa asibiti, wani yana cigiyar ƙanwarsa. Muna da benci a baranda, amma ba a taɓa cewa su zauna a kai ba. Akwai darbejiya a bakin hanya, can masinja yake nuna musu da haɓa. Da ya hango su sai ya kwashe butarsa da famfon kekensa ya shigar ciki, a gabansu, ba ko kunya. Sai an gama da kowa a kira su, sau da yawa kuma kafin a gama da kowa an tashi. Kada in ɗora wa tsoho laifi shi kaɗai. Ni da hannuna na sha buga wa takardarsu "ba shi da adireshi", na san kuwa da na buga haka magana ta mutu.

Ana nan sai ga takarda daga Kano. Har yau ina tuna yadda na karanta ta a tsaye, na sake karantawa, na buga tsalle. An ba yankinmu gurbin samari shida marasa aikin yi, za a kai su birni a koya musu kanikanci da walda da tuƙin manyan motoci, ga abinci ga wurin kwana. Abin da ake bukata fom ne, da hoto biyu, da sa hannun Yallaɓai cewa ya ga mai nema ido da ido, ya gwada fuskarsa da hoton. Kuma dole fom ya bar Wudil ranar Alhamis ta sama, da motar wasiƙu ta sha biyun rana. Kafin kwana biyu, gurbi biyar sun cika, biyu daga cikin gari, sauran daga Indabo da Ɗankaza. Na shidan ubansa ya zo ya janye shi, ya ce ba mai taya shi noma. Gurbi ɗaya ya rage a kan teburina.

Ranar Juma'a, kasuwa ta cika ta batse, na taso da jan babur ɗina ina ta ƙwambo, ina tsakiyar gada ya yi tari sau biyu ya mutu. Na yi ta dukan kik har gumi ya jiƙa mini riga. Motoci suna ta oda a bayana, masu kora shanu suna zagina, wasu 'yan mata masu tallar gyaɗa suka tsaya musamman don su yi dariya. Na tura shi gefe ina huci kamar in jefa shi kogi. Sai ga wani dogon saurayi cikin tsohuwar riga, da baƙin rawani da ya koɗe, idanunsa kaɗai nake gani. Ya tsuguna ya ce in sake bugawa. Na buga. Ya kara kunne, ya zaro wani ɗan ƙarfe daga aljihu ya kwance filogi, ya kankare shi, sannan ya cire wata 'yar tiyo. Da zai busa ta sai ya sa yatsa ya sauke amawalinsa, wato ɓangaren rawanin nan da ake jawowa ya rufe baki da hanci. Ashe yaro ne, bai kai ni ba ma, ga wushirya, ga shunin rawani ya rina masa kumatu. Ya mayar da komai ya ce, "Ki buga."

Na ƙyale "ki" ɗin, na buga. Babur ya tashi da wata irin ƙara da bai taɓa yi ba tun da na saye shi.

"Kai! Wa ya koya maka wannan?" na ce.

"Ba kowa. Makanike tana yi, ni ina kallo."

Nan take gurbin nan ya faɗo mini a rai. Na kama hannunsa ina ta zuba, birni, injuna, katafila, takardar shaida, har ina haɗa magana. Na ga idanunsa sun kawo haske da na ambaci katafila. Amma da na ce ya zo ofis ranar Litinin sai ya yi murmushi ya ce, "Mun sha zuwa. Bishiyar can ta san mu." Maganar ta soke ni. Na rantse masa cewa wannan karon a kan benci zai zauna.

Ya zo kuwa, tun kafin a buɗe. Na zaunar da shi a benci, masinja ya tsaya riƙe da buta yana kallona kamar na shigo da kare masallaci. Ban kula shi ba. Na jawo kujera na fara cika fom. Amawalinsa a ƙasa, muna hira muna dariya, yana gyara mini yadda ake faɗin sunan garinsu ina kasawa. Wurin adireshi na rubuta "tashar mota, Wudil", na ja layi a ƙarƙashi. Raina fes, ina ganin na gama aiki.

Sai muka ji tsayuwar motar Yallaɓai. Saurayin nan ya miƙe zumbur, ya sa hannu biyu ya ja amawalin sama, ya wuce hanci, har ya kusa rufe idon, ya sunkuyar da kai. Yallaɓai ya hawo baranda ya tsaya cak.

"Ka gani ko, ranka ya daɗe?" in ji masinja. "Yanzun nan fuskarsa a buɗe take. Yana ganin hukuma ya rufe. Wa ya san inda ake nemansa?"

Yallaɓai ya ce, "Kai, buɗe fuskarka."

Saurayin ya ƙara sunkuyawa, ya ƙara jan amawalin.

"Ba ka ji ba ne? Na ce ka buɗe."

Bai ɗago ba. Na ce, "Yallaɓai, ƙila bai gane ba ne," na matsa kusa ina yi masa raɗa, har na kai hannu zan ja masa, ya kauce. Yallaɓai ya dube ni ya ce shi ba ya sa hannu ga mutumin da yake ɓoye masa fuska, kuma kada in ƙara zaunar masa da 'yan tasha a baranda. Ya shige ofis ya rufo ƙofa.

Na bi saurayin har gindin darbejiya, zuciyata ta riga ta hau. Ban bar abin da ban faɗa masa ba. Na ce ya kunyata ni, na ce na ɗauko shi daga ƙasa ya watsa mini ƙasa a ido, na ce dama an faɗa mini halinsu. Wannan ta ƙarshen har yau in na tuna ta sai na ji kunya. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Babba ne."

"To ai babban ne ya ce ka buɗe!"

"Babba ne," ya sake cewa, kamar wannan ya isa bayani. Ya juya ya nufi tasha. Na koma teburina ina tunanin ko masinja ne mai gaskiya, ko yaron ya yi wata ɓarna a wani gari.

Washegari da aka tashi daga aiki na hau babur na tafi Lajawa kai wa kakata goro. Tsohuwa ce mai tsokana, ba ta kirana sai da "ɗan miji". Na same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, na zauna na kwashe labari na gaya mata. Har da ƙarin gishiri. Na ce, "Abin mamaki, Iya, ni kaɗai yake buɗe wa fuska. Ya san mutumin kirki in ya gan shi."

Ta ajiye gyaɗa ta yi ta dariya, har tari ya sarƙe ta, sai da na miƙo mata ruwa.

"Wayyo ɗan miji! Wai mutumin kirki! Kai dai bai ɗauke ka a bakin komai ba. Sa'ansa ya gani."

Na ɓata rai. Ta share hawaye ta ce in saurara. Tana yarinya, in ji ta, duk rani mutanen nan sukan sauka a gonar babanta da raƙuma, su kawo gishiri su karɓi gero. A gaban yara da tsararrakinsu fuska a sake take. Amma da babanta ya doso, sai ka ga kowa ya ja amawali har ido. Ko ruwa ba sa sha a gabansa sai sun juya baya. "Kai in ka je gaban babba me kake yi? Ba takalmi kake cirewa ka durƙusa ba? To su baki suke rufewa. Iya girman mutum, iya inda amawali zai kai. Wanda aka riga aka naɗa wa rawani ya buɗe baki a gaban dattijo, ai kamar ka tuɓe wando ne a tsakiyar kasuwa. Yaron nan girma ya ba maigidanku, irin wanda kai ba ka taɓa ba shi ba."

Na yi zaune baki buɗe. Haushi ya kama ni na an ce ni ba kowa ba ne, amma murna ta fi haushin yawa. Ashe ba ɓarawo ba ne! Ashe duk abin da muka gani a baranda a juye muka gan shi! Na miƙe ko sallamar kirki ban yi ba, tana kirana in tsaya in ci tuwo, ina ce mata sai na dawo. A hanya ina ta danna oda ba kowa a gabana, awaki suna watsewa. Na shigo Wudil ana kiran magariba, ji nake kamar ni na gano man fetur ɗin.

Ranar Laraba da sassafe na gangara bakin kogi, na same shi yana wanke wata babbar mota. Ban iya ba da haƙuri ba a lokacin, bakina bai saba ba, amma na yi. Na ce na gane abin da "babba ne" take nufi, ya yafe mini. Ya dube ni ya yi dariya, wushiryar nan ta fito. Muka zauna a kan yashi ya gaya mini rawanin na mahaifinsa ne. Shi ya naɗa masa da hannunsa, a shekarar da raƙumarsu ta ƙarshe ta faɗi, bai kuma yi wata biyu ba ya rasu. Na taɓa bakin ƙyallen na ga ɗan Kura ne. Wato abin da muke ta tsoro a fuskarsa, a nan ƙasar Kano aka rina shi.

Saura hoto. Akwai wani mai hoto a bakin kasuwa, da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, irin wanda ake ɗauka a wanke a ba ka nan take. Muna isa na ga matsala: mai hoton furfura ce fal a kansa. Abokina yana ganinsa ya ja amawali. Ga 'yan kallo sun fara taruwa, don ba su taɓa ganin ɗan tasha a kan kujerar hoto ba. Na yi lallashi, na yi magiya, ya ƙi. Mai hoto ya gaji ya ce shi dai bari ya saita abinsa, ya sunkuya ya tura kansa cikin baƙin ƙyallen nan har kafaɗa. Sai na ji dariya daga cikin rawani.

"Ta rufe nata," in ji shi, yana nuna mai hoto.

"Ta rufe!" na ce, har ina tafi. "Ka ga, shi ma ya ba ka girma. Yanzu ba mai ganin wani."

Na aika aka kirawo abokansa uku daga tasha, muka ari tabarma a wurin mai goro, muka kewaye kujerar muka juya baya, muna korar 'yan kallo. Na roƙi mai hoto kada ya fito da kai sai an ce ya fito, ya lalubi murfin gilashin da hannu. Tsohon ya ce shekara da shekaru yana sana'ar nan ba a taɓa sa shi wannan wasa ba, amma ya yi. Da aka jefa takardar cikin ruwan magani muka haɗa kai a kan bokiti muna kallo. Goshi ya fito, ido ya fito, sai ga baki. Abokansa suka kaure da ihu da yarensu, suna dukan bayansa. Bai taɓa ganin hoton kansa ba. Ya riƙe shi a tafin hannu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ya yi kama da babansa.

Ranar Alhamis na zo da jawabina a shirye, na kwana biyu ina bitarsa. Na tsayar da shi a bakin ƙofa, na shiga wurin Yallaɓai da fom da hotuna, na gaishe shi har ƙasa. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, yadda kakata ta faɗa, ina ganin da na gama zai ce a shigo da yaron a ba shi kujera. Ya saurare ni har ƙarshe, yana juya alƙalami.

"Wato tatsuniyar kakarka ce za ta koya mini aiki?" ya ce. "Takarda ta ce in ga fuska in gwada da hoto. Ina fuskar?"

"Yallaɓai, ga hoton nan, ni na ga fuskar, shi ne."

"Kai ne za ka sa hannu?"

Na dubi agogon bango, sha ɗaya ta wuce. Masinja ya leƙo ta taga ya ce ai irinsu ko an kai su, kwana uku za su yi su gudu da sifanun mutane. Nan zuciyata ta ƙwace. Na ce, "Yallaɓai, limamin Juma'a ma da amawali yake hawa mumbari, ban taɓa jin an ce ya saci akuya ba."

Masinja ya saki salati. Yallaɓai ya ajiye alƙalami a hankali. Ya ce zan ga takardar tuhuma a kan teburina kafin a tashi. Sannan ya ɗaga murya, yadda na bakin ƙofa zai ji sarai, ya ce, "Ni na san mutanen nan tun ba a haife ka ba. Ba ladabi suka sani ba, ba aiki suka sani ba. Uban da ya haifi ɗa ya sake shi yana kwana a tasha, wace tarbiyya ya ba shi da za ka zo kana yi mini wa'azi a kanta?"

Ban ji shigowarsa ba, inuwarsa kawai na gani a kan teburin. Ya tsaya a gaban Yallaɓai, a miƙe, bai sunkuya ba. Ranar Litinin ƙasa yake kallo. Yau kuwa cikin idon dattijon yake kallo. Ya ɗaga yatsa ɗaya, ya saƙala a bakin amawalin, ya ja shi ƙasa sannu a hankali, ya wuce hanci, ya wuce baki, har ƙarƙashin haɓa. Ya tsaya haka.

Fuskar Yallaɓai ta saki. "Yauwa!" ya ce. "Yanzu ka yi hankali." Ya ɗaga hoton ya duba, ya dubi fuskar, ya gyaɗa kai. Ya juyo gare ni ya ce, "Ka gani? Ladabi koyar da shi ake yi." Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya miƙo mini fom.

Mu huɗu ne a wurin har da masinja a taga, amma ni kaɗai na san abin da ya faru, ban da mai rawanin. Na karɓi fom na fita a guje, na hau babur, na cimma motar wasiƙu direba ya riga ya tayar. Da na ga ambulan ɗin ya shiga buhu sai na yi kabbara a tsakiyar titi, mutane suna kallona. Na dawo na same shi a gindin darbejiya, na rungume shi ina tsalle, ina cewa an gama, ka tafi birni, ka zama makanike! Ya yi murmushi kaɗan. Da na lafa na tambaye shi ko abin ya yi masa ciwo.

"Da ina jin nauyinta," ya ce, yana nuna ƙofar Yallaɓai da haɓa. "Yanzu ba nauyi."

Takardar tuhuma kuwa na same ta, kamar yadda aka yi mini alkawari, ni na ma buga ta da hannuna a keken rubutu don ba wani akawun. Masinja ya yaɗa labarin a gari kafin la'asar, wai yaron nan mai suma ya zagi liman saboda Buzu. Sai da mahaifina ya je ya yi bayani a wurare uku. Ban gaya wa abokina ko ɗaya daga cikin wannan ba, amma a tasha ba abin da yake ɓoyuwa.

Bayan mako biyu mota ta zo ɗaukar su shidan. Tasha ta cika da 'yan rakiya, iyaye mata suna ta cusa wa 'ya'yansu ƙunshin ƙuli-ƙuli da dakuwa. Shi ba shi da mai cusa masa komai, sai abokansa da suka dafa shayi a 'yar ƙaramar buta suna zagayawa da kofi ɗaya. Na kawo masa tsohon akwatina na makaranta da riguna biyu. Muka yi ta barkwanci, fuskarsa a buɗe kamar kullum, ina ce masa in ya dawo da katafila kada ya take mini babur, yana cewa babur ɗin ma ai ba ta da lafiya. Na ji daɗi ranar nan irin wanda ban ji ba ko ranar da aka ɗauke ni aiki.

Direba ya yi oda, suka hau baya. Ya sami wuri a bakin ƙofa ya tsaya, ina ƙasa ina ɗaga masa hannu ina ta surutu. Mota ta fara motsi. Sai ya dube ni, ya daina dariya, ya sa hannu biyu ya ja amawalin sama. Ya wuce baki, ya wuce hanci, har ya kusa rufe idon. Ya sunkuyar da kai.

"Kai, sauke!" na ce da ƙarfi, ina bin motar. "Sauke mana! Ni ne fa! Sa'anka ne ni!"

Bai sauke ba har mota ta hau gada. Na tsaya a bakin titi da wandona mai faɗin ƙafa, hawaye yana zubo mini a gaban 'yan kamasho, ban ma damu in share ba.

Ya gama koyon aikinsa, bai gudu da sifanar kowa ba. Bayan wasu shekaru ya dawo Wudil tare da masu aikin hanya, a kan katafilar da na yi masa alkawari, daga baya ya buɗe garejinsa, ya yi aure, ya tara iyali. Mun yi zumunci har furfura ta fito mana. Na roƙe shi ya sauke amawalin nan a gabana, na yi fushi, na yi masa gori cewa shekara biyu kacal na ba shi. A banza. In na je garejin zai taso da sauri ya shimfiɗa mini tabarma, ya dafa shayi ya miƙo mini, in zai kurɓi nasa ya juya baya. Tun daga ranar nan a tasha ban ƙara ganin wushiryarsa ba.